Waken Da Turai Ta Ƙi, Wa Ya Ke Cinsa?

Wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato ya yi kudu, ya wuce Boɗinga ya kai Shagari da kaka, zai ga an girbe gero an ɗaure dammuna, mata da yara kuwa suna roron wake cikin gonaki. Wake abincin talaka ne, shi ne kuma kuɗinsa. Ƙasarmu Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noman wannan irin wake, Nijar ce ke bi mata. Amma kowane manomi ya sani wake yana da magabci. Da an zuba shi a buhu ko a rumbu, sai ƙwaro ya tashi a cikinsa. In ba a yi wata dabara ba, kafin 'yan watanni duk ya huhhuje, mai saye ba zai ko dube shi ba.

A kan waken nan mu ke so mu yi tunani tare da ku a wannan wata. Maganar za ta kai mu nesa, har Turai da Amurka, amma za ta komo da mu ƙofar rumbunmu.

Abu biyu cikin shekara guda

Cikin shekara ta 2015 an yi abu biyu da su ka shafi manomin Shagari, ko da ya ke ba a shawarce shi a kan ko ɗaya ba.

Na fari, cikin watan Yuni, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa shi ne, tun daga 2013 masu binciken abinci a can sun ba da rahoto fiye da sau 50 a kan waken da ya fito daga wurinmu. Sun yi ta samun wani maganin ƙwari a cikinsa mai suna dikulobos, watau gubar nan da ke cikin fiya-fiya. Iyakar abin da dokarsu ta yarda da shi miligiram 0.01 ne cikin kilo guda. Amma an sami waken da ya kai miligiram 4.6, watau ya ninka iyakar sau ɗari huɗu da sittin. Da fari hanin na shekara guda ne. A 2016 aka ƙara wa'adinsa, a 2019 aka sake ƙarawa.

Na biyu, cikin watan Satumba, shugabannin ƙasashe su ka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, su ka amince da muradai 17 na ci gaba mai ɗorewa, waɗanda su ke so a cim ma kafin ƙarshen 2030. Na ɗaya shi ne kawar da talauci. Na biyu, kawar da yunwa da kyautata noma. Na uku, lafiyar jiki. Na takwas, aikin yi na mutunci, har da hana sa yara aikin da ya fi ƙarfinsu. Na sha biyu, a yi kaya a kuma yi amfani da su ba da ɓarna ba. Na sha biyar, kiyaye ƙasa da itatuwa.

Mutanen ƙasar nan sun saba jin manyan shirye-shirye. A 1976 an yi shirin ciyar da ƙasa. A 1980 Shugaba Shehu Shagari, ɗan wannan gari, ya kafa shirin juyin noma domin Nijeriya ta ci da kanta. Kowane shiri yana da kyakkyawan nufi. Amma kullum akwai tazara tsakanin takardar da a ka sa wa hannu a babban birni da gonar da a ke nomewa da hauya. To, ina gadar da za ta haɗa su? Waɗansu masana sun ce gada ɗaya ita ce takardar shaidar noma mai kyau. Bari mu duba mu gani.

Mece ce takardar shaida?

A kasuwar ƙauye mai saye ya san mai sayarwa. Ya san gidansu, ya san gonarsa, ya san ko mudunsa yana cika. In ya cuce shi yau, gobe za su gamu a wurin suna ko jana'iza. Gani ya kori ji. Amma matar da ke sayen wake ko riɗi a kantin Ingila ba ta taɓa ganin Shagari ba, ba kuwa za ta gani ba. Ba ta da hanyar sanin abin da a ka zuba wa abincin da za ta ba 'ya'yanta. Tilas wani ya tsaya a tsakani ya ce, “Na je, na gani, haka ne.” Wannan mutum shi ne shaida, takardarsa kuwa ita ce takardar shaida.

Ga yadda a ke yi. Wata ƙungiya ta kan rubuta ƙa'idodi: irin maganin da a ka yarda a fesa da wanda a ka hana, kwana nawa za a jira bayan feshi kafin girbi, yadda za a adana amfani, yadda za a biya 'yan ƙodago, da yadda za a kiyaye ruwa da itatuwa. Manomi ko ƙungiyar manoma su yi alkawarin bi. Su riƙa rubuta abin da su ka yi a gona. Sa'an nan mai dubawa, wanda ba ɗan gida ba ne, ya kan zo lokaci lokaci ya duba gona da ɗakin ajiya da littafin. In ya gamsu, sai a ba su izni su buga tambarin ƙungiyar a kan kayansu.

Ƙungiyoyin suna da yawa. Rainforest Alliance, mai tambarin koren kwaɗo, an kafa ta a 1987. Tambarin ciniki na adalci ya soma a ƙasar Holan a 1988 da sunan Max Havelaar, shi ne ya zama Fairtrade. Manyan kantunan Turai su ka kafa nasu a 1997, wanda tun 2007 a ke kira GlobalG.A.P. Akwai kuma shaidar noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi na kanti.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ya kamata mu gane darajar wannan abu fiye da kowa. Shekaru aru-aru fatar jar akuyarmu tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma. Da ta isa Turai sai a ka riƙa kiranta fatar Maroko, gama daga can ne su ka ga tana fitowa. Makiyayi ya yi kiwo, majemi ya yi jima, suna kuwa ya tafi ga wani. Takardar shaida ta gaskiya ta kan komo wa mai aiki da sunansa, gama ta kan nuna daga gonar da kaya su ka fito.

Amfanin da ke ciki

Ba mu musun amfaninta. Dubi manoman koko na Gana. A 1993 su ka kafa ƙungiyarsu mai suna Kuapa Kokoo, a 1995 ta sami shaidar Fairtrade. Bisa ga wannan tsari akwai farashin da mai saye ba shi da iko ya sauka ƙasa da shi, ko da kasuwa ta faɗi. Akwai kuma ƙarin kuɗi bisa kan farashin, wanda a 2019 a ka sa shi dala 240 a kan kowane tan na koko. Wannan ƙari ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙungiya ce ke zama ta shawarta abin da za a yi da shi, ko rijiya, ko ajin makaranta, ko ɗakin shan magani.

Nan za mu ga yadda ƙaramar takarda ta ke taɓa manyan muradai. Farashi mai tabbaci yana rage talauci. Hana guba yana tsare lafiyar mai feshi da ta mai ci. Hana sare itatuwa barkatai yana tsare ƙasa daga zaizaya. Rubuta abin da a ka yi yana koya wa manomi lissafin gonarsa. Muradin da a ka faɗa da manyan kalmomi a New York ya zama abin da mai dubawa zai iya ƙirgawa da yatsa: ga kwalbar magani, ga ranar feshi, ga yaron da ya kamata a ce yana makaranta.

Da a ce waken da a ka aika Turai ya bi ta irin wannan hanya tun daga gona har bakin jirgi, da wuya a kai ga abin kunyar da ya same mu a 2015.

Amma akwai tambayoyi uku da ba za mu tsallake ba.

Tambaya ta fari: wa ke iya biya?

Mai dubawa ba ya zuwa kyauta. Akwai kuɗin rajista, da kuɗin tafiyarsa, da na gwajin kaya a ɗakin bincike, kuma ba sau ɗaya a ke biya ba. Ga kuma rubutu. Manomin da ke da 'yar gona ɗaya ta gero da wake a bayan gari, wanda bai yi boko ba, yaya zai cika takardu da Turanci? Mai babbar gona da akawu da mota shi zai sami tambari. Talaka kuwa, ko da nomansa ya fi tsabta, zai tsaya a waje. Ashe, abin da a ka yi domin rage talauci yana iya zama sabon shinge tsakanin mai shi da marar shi. Wannan ba adalci ba ne, sai fa in an sami hanyar da ƙananan manoma za su shiga tare.

Tambaya ta biyu: takarda tana iya ƙarya?

I, tana iyawa. Mai dubawa ya kan zo rana ɗaya ko biyu, shekara kuwa kwana 365 ce. Wanda ya san ranar zuwan baƙo ya kan share tsakar gida. A 2020 wani binciken da cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago ta fitar ya nuna yara wajen miliyan ɗaya da rabi suna aikin da bai dace da su ba a gonakin koko na Gana da Kwaddibuwa. Wannan kuwa bayan an yi shekaru da yawa ana buga tambura a kan buhunan koko a ƙasashen nan biyu. Ba mu ce tamburan ba su yi kome ba. Amma a fili ya ke ba su isa su kaɗai ba.

Dukanmu, Kirista da Musulmi, tun muna yara a ka koya mana shaidar zur babban laifi ne. Tambarin da a ka buga a kan kayan da ba su cancanta ba shaidar zur ce, ko da ba wanda ya buɗe baki. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ranar da a ka kama buhu guda, duk garin ne zai rasa kasuwa, har da masu gaskiya.

Tambaya ta uku: mudu nawa mu ke da shi?

Wannan ita ce ta fi nauyi, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Sa'ad da Turai ta rufe ƙofarta, mutane da yawa sun yi baƙin ciki saboda kuɗin da ƙasa ta yi hasara. Amma waken da mu ke aikawa waje kaɗan ne ƙwarai in an gwada da wanda mu ke ci a gida. Ba a kuwa ware wani ɗakin ajiya dabam domin Turawa ba. Yadda a ka adana wancan, haka a ka adana wannan. To, sauran waken wa ya ci? Mu ne. Ya shiga ƙosan da yaro ya saya da safe kan hanyar makaranta. Ya shiga alala da wake da shinkafa. Ya shiga tukunyar mai jego da kwanon tsoho.

Baturiya tana da mai dubawa da ɗakin gwaji da doka mai tsare ta. Mai tuyan ƙosai a tashar Boɗinga ba ta da ko ɗaya. Abin da ta ke da shi kaɗai shi ne amanar wanda ya sayar mata.

In mun gyara nomanmu domin wanda zai biya mu da dala kawai, mu ka bar gubar cikin abin da maƙwabci zai ci, mun zama masu mudu biyu: babba domin baƙo, ƙarami domin ɗan'uwa. Takarda za ta ce mu masu gaskiya ne, amma gaskiyar ta tsaya a bakin teku. Muradin nan na uku bai ce lafiyar mutanen Turai ba, lafiyar kowa ya ce. Shaidar da ta tsabtace buhu ɗaya ta bar tara da guba ba ta kai mu ko'ina ba.

Kada kuwa mu yi saurin nuna wa wani yatsa. Mai zuba fiya-fiya a wake yawanci ba mugu ba ne. Tsoron hasara ne ya ke ji. Ya sayi buhu ashirin da kaka, jarinsa ke nan duka, yana kuwa ganin ƙwaro zai cinye su kafin bazara. Mu masu saye kuma muna da namu laifi. Mu ne mu ke tura hannu cikin buhu, in mun ga ƙwaya ɗaya mai huji mu wuce gaba, ba mu taɓa tambaya me ya sa na gaban ya ke sumul ba. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a 2019. Amma doka ba ta iya shiga kowane ɗakin ajiya da dare. Abin da ke shiga can sai zuciyar mai ɗakin.

Darasi daga Maraɗi

Akwai labari daga maƙwabtanmu na arewa wanda zai taimake mu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a ƙasar Maraɗi. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a ka bar su, a ka datse sauran, sai itace ya tashi da sauri, gama saiwarsa ta riga ta yi zurfi. Manoma su ka gwada, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A ka kira shi sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a Nijar. Gawo ya komo gonaki, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki.

Ba mai dubawa da ya zo daga Turai. Ba tambari, ba ƙarin farashi. Duk da haka da wuya a nuna wani aiki a yankinmu da ya fi wannan cika muradin kiyaye ƙasa. Me wannan ya koya mana? Aikin kirki shi ne gaba, takarda tana biye. Shaida ba ta haifar da gaskiya, sai dai ta faɗi gaskiyar da ta tarar. In ta tarar da ita, ta kan kai labarinta nesa, ta kuma jawo wa mai ita lada. In ba ta tarar da kome ba, ta zama tawada a kan buhu.

Abin da ke hannunmu

Ba mu rubuta wannan domin mu karya zuciyar kowa ba. Akwai abin yi, ba ya kuwa jiran gwamnati.

Na ɗaya, akwai hanyar ajiye wake ba tare da guba ba. Kakanninmu sun yi da toka da yashi mai laushi. Yanzu kuma akwai buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka su ka ƙirƙiro tare da masanan aikin gona na Kamaru, a ka soma baza shi a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwaron da ke ciki ya kan shanye 'yar iskar da ta rage, sa'an nan ya mutu. Ana yin buhunan a Kano. In ba su huje ba, ana iya sake amfani da su. Jarka ko durom mai murfi da ba ya shan iska shi ma yana yin wannan aiki.

Na biyu, akwai shaidar da talaka ke iya biya. A waɗansu ƙasashe, kamar Indiya da Birazil, hukuma ta yarda da tsarin da manoman gari ɗaya ke duba gonakin juna. Su kan rubuta ƙa'idodinsu, su zaga tare da waɗansu masu saye, su sa hannu domin juna. Wanda ya karya alkawari a fitar da shi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san gayya, mun san adashi, mun san yadda mutum ke tsayawa wa ɗan'uwansa a wurin bashi. Manoma goma ko ashirin a Shagari ko Sifawa suna iya cewa, “Waken ƙungiyarmu ba magani a cikinsa, ku zo ku duba ɗakin ajiyarmu ko wace rana.” Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuwa wata rana su ka nemi babbar takardar da za ta kai kayansu ƙasashen waje, za su tarar sun riga sun yi rabin tafiya, gama sun saba da rubutu da dubawa, kuɗin mai dubawa kuma za a raba shi bisa kawuna da yawa.

Na uku, waɗanda su ka yi karatu a cikinmu suna da hakki a wuyansu. Ɗan makarantar da ya iya rubutu ya riƙe wa mahaifinsa littafin gona. Malami ya karanta wa maƙwabcinsa abin da ke rubuce a jikin kwalbar magani, ya gaya masa wanda a ka yi domin gona ba domin abinci ba. Mai saye kuma ya yarda ya ƙara ɗan abu a kan mudun da ya tabbata mai tsabta ne. Gama in muna son manomi ya yi gaskiya, amma ba mu yarda mu biya kuɗin buhunsa ba, mun ɗora masa kayan da mu kanmu mun ƙi ɗauka.

'Yan'uwa, shekara ta 2030 tana matsowa. Manya za su sake taruwa su ƙirga abin da a ka cim ma da abin da ya rage. Ba za a kira mu wurin taron ba. Amma kowace kaka ana yin wani ƙidaya a ɗakin ajiyar kowane ɗayanmu, inda ba mai dubawa. Kafin ka ɗaure bakin buhu bana, ka tambayi kanka: in 'yata ce za ta dafa waken nan gobe, zan ɗaure shi haka? In amsar I ce, ka cancanci kowace takarda da a ke bayarwa a duniya, ko ta zo ko ba ta zo ba. In kuwa a'a ce, kwance buhun.